Yadda ɗan sakandare zai raini abin da yake so ba tare da karatunsa ya faɗi ba

Ƙannena 'yan sakandare, maza da mata, wannan rubutun naku ne, amma in Baba ko Umma suka karanta ma zaifi min daɗi. Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma abin da yake ci min rai duk shekara shine inga yaro ya gama SS3, ya rubuta WAEC da NECO, ya koma gida zaman jiran sakamako, ka tambayeshi me ka iya banda karatun aji sai ya sunkuyar da kai. Kuma wallahi ba baiwar ce babu ba, tun yana JS2 muke ganinta, wani zane yake a bayan littafin lissafi, wata duk ƙawayenta ita ke musu lalle, wani rediyon gidansu ya kwance ya mayar kuma tayi magana, sai dai ba wanda ya zaunar dashi ya nuna masa yadda zai riƙe abin, har shekara shida ta wuce.

Jelani Aliyu a Sakkwato ya taso, kuma tun yana yaro motoci yake zanawa. Yayi sakandaren gwamnatin tarayya ta Sakkwato, ya wuce kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine, daga nan ya tafi Detroit a Amurka ya karanta zanen motoci, ya gama a 1994 kamfanin General Motors ya ɗaukeshi, shine ya zana siffar motar Chevrolet Volt. Abin da nakeso ku lura dashi a labarinsa, zanen da makarantar tare suka tafi, bai saki ɗaya ya kama ɗaya ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan yake.

Mataki na farko: ka zaɓi abu ɗaya tak

Nasan kanaso ka iya ƙwallo, ka iya kwamfuta, ka iya gyaran waya, kayi hadda, duk a lokaci ɗaya. Bazai yiwu ba, ba a gudu ana susar takashi. Ɗauki takarda ka rubuta abu uku da kake yi ba tare da an saka ba, sannan ka tambayi kanka wanne ne mutane suke kawo maka da kansu suce dan Allah yi min. Wannan alama ce mai ƙarfi, don mutane basa kawo ma wanda bai iya ba.

Sai gwaji na gaske. Ko wane abu yana da ɓangaren da ba daɗi, kuma shine yafi yawa. Ɗinki ba zama kan keke ana ɗauka hoto bane, farke ɗinki ne, guga, sa maɓalli, sharar shago. Ƙwallo gudun asuba ne. Hadda kuma ba ƙarin sabon shafi ne wuyarta ba, muraja'a ce, ka koma kan abin da ka riga ka haddace kullum kullum. Rubuta manhaja ko, zaka iya kwashe awa biyu kana neman waƙafi ɗaya da ka manta. Ka ba abin da ka zaɓa wata ɗaya kana yin wannan ɓangaren mai gundura, in bayan watan har yanzu zuciyarka na ja, to naka ne. In ko ka gaji a sati na biyu ba laifi, sha'awar kallo ce ka ɗauko a TikTok, koma kan na biyu a takardar.

Mataki na biyu: iyaye, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa

Zan daɗe a nan don na ga baiwa da yawa ta mutu a wannan gaɓar. Yaro sai ya fara abu a ɓoye, ranar da aka kamashi kuma an gama magana, don yanzu ba maganar ƙwallo ko waƙa ake ba, maganar ƙarya ake. Kar ka fara a ɓoye.

Ka gane abin da Baba yake tsoro. Ba ƙin cigabanka yake ba, abu uku ne ke damunsa: karatu zai lalace, zaka haɗu da abokan banza, ko kuma abin zai ci kuɗin da babu. In mace ce ke, ƙara na huɗu, ina zaki, wa ke wurin, ƙarfe nawa zaki dawo. To kaje da amsar waɗannan tun kafin a tambayeka. Kar ka tari Baba yana shigowa gida a gajiye, bari yaci abinci ya huta, ko bayan isha'i, ka durƙusa ka gaisheshi kace Baba inada magana in an bani dama. In kasan bazaka iya ba, ka fara da Umma, ko ka samu Kawu ko Yaya ko malamin Islamiyyarku, wanda kasan Baba na jin nauyinsa. Wannan ba wayo bane, haka ake neman abu a gidajenmu.

Sannan ka kawo alƙawarin da za a iya aunawa. Kar kace zan dage da karatu, kowa na faɗin haka. Kace Baba ga katin sakamakona na zangon da ya wuce, na zo na goma sha biyu, a bani Asabar da Lahadi inje shagon wane, in zango mai zuwa na sauka ƙasa da haka ni da kaina zan daina. Uba in yaji magana irin wannan yasan yaronsa ya fara hankali. Na taɓa raka wata ɗalibata gidansu kan maganar koyon ɗinki, mahaifinta da farko ko kallonmu baiyi ba, amma da yaji wurin matar maƙwabcinsu ne, cikin gida, kuma ƙarfe biyar ta dawo, sai yace to ai da haka kuka faɗa tun farko. Ashe shi a tunaninsa shagon bakin titi za ta.

In kuma an ce a'a, kar kayi fushi ka daina gaisuwa. Ka bari zango ɗaya, ka kawo sakamako mai kyau, ka sake komawa. A'a ta farko ba kasafai take zama ta ƙarshe ba.

Mataki na uku: ka yanka ma abin lokacinsa

Kowa cewa yake ba lokaci, boko da safe har ƙarfe biyu, Islamiyya da yamma, ga aike, ga ɗiban ruwa, ke kuma ga wanke-wanke da girki da rainon ƙanne. Gaskiya ne. Amma zo muyi lissafi. Awa biyar a sati kawai nake nema: awa biyu ran Asabar, awa ɗaya ran Lahadi, sai yammacin Alhamis da Juma'a da yawancin makarantun allo da Islamiyyu ke hutu, awa ɗaiɗai. Zango uku kusan sati 39 ne, kaga awa 195 kenan. Dogon hutu kuma in ka samu sati shida kana awa huɗu a rana kwana biyar a sati, awa 120. Haɗa, ka wuce awa 300 a shekara, SS1 da SS2 ka wuce awa 600. Wanda ya zauna kan keken ɗinki awa 600 ba ɗan koyo bane kuma.

Shi yasa nake cewa SS1 da SS2 sune gonarka. SS3 ta jarrabawa ce, JAMB wajen watan Afrilu, WAEC Mayu zuwa Yuni, NECO na biye da ita, don haka daga Janairun SS3 ka rage abin ya koma awa ɗaya a sati don dai hannu kar ya manta. Kiredit biyar ɗin nan da Turanci a ciki ba abin wasa bane, ba jami'ar da zata karɓi kofin gasa a madadinsu.

Ka rubuta lokacin a takarda ka manna a bango, kuma ya zama lokaci ɗaya ne kullum, don in kace sai na samu sarari bazaka taɓa samu ba. 'Yan makarantar kwana ku naku ma yafi sauƙi, akwai tsakanin la'asar da magariba, akwai ƙarshen mako, ga kulob-kulob, na JETS na masu kimiyya da ƙere-ƙere, na muhawara, na 'yan jarida, na manoma. In kulob ɗin ya mutu a makarantarku, ku haɗu ku biyar ku samu malami ɗaya mai son abin kuce Malam ka tsaya mana, da wuya ya ƙi.

Waya kuma, ita ce ɓarauniyar awa biyar ɗin. Lokacin aiki ka kashe data, in da bidiyo kake koyo ka saukeshi tun dare.

Mataki na huɗu: ka samu babba a kanka

Ba abin da ake koya shi kaɗai har a ƙware. Mai hadda yana buƙatar malamin da zai saurareshi ya gyara masa tajwidi, don kuskuren da ka haddace yafi wuyar cirewa. Mai son gyaran waya ya samu maigida, a Kano kowa yasan Farm Centre cike take da masu wannan aikin, kuma ko wane gari yana da irin tasa kasuwar. Amma ba kai zaka kai kanka ba, Baba ko Kawu ne zai riƙe hannunka ya kaika yace ga amana, a yi magana a gabanka kan ranakun zuwa da lokacin tashi da ko akwai kuɗin koyo. Yaron da babba ya kawo, daban ake riƙeshi da wanda ya faɗo da kansa.

In ka shiga shago, watan farko shara da aike zakayi, kar ranka ya ɓaci, ana auna halinka ne. Ka riga maigida zuwa, ka sa ido kan hannunsa, ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka gani, kayi tambaya bayan kwastoma ya tafi ba a gabansa ba. In ka lalata abu ka faɗa da bakinka kafin a gano. Amma fa biyayya tana da iyaka, duk maigida ko koci ko malamin da ya fara ce maka zo gida kai kaɗai, ko kar ka faɗa ma kowa, ko yana taɓaki ko yana miki maganar da bata dace ba, a ranar za a faɗa ma Umma, ba kunya a nan, kuma maza ma da ku nake.

Wanda garinsu babu mai koyar da abin da yakeso fa? Akwai wani yaro a Malawi, William Kamkwamba, yunwa tasa iyayensa suka kasa biyan kuɗin sakandare, yana ɗan shekara 14, sai ya dinga zuwa ɗan ƙaramin laburaren ƙauyensu yana kallon zanen da ke cikin littattafan kimiyya, da tarkacen keke da na bola ya haɗa injin da iska ke juyawa ya kawo wuta gidansu, daga baya kuma ya koma makaranta har ya gama jami'a a Amurka. Kai da wayar Yaya ma ka fishi kayan aiki. Mai son rubuta manhaja ya fara da Scratch, kyauta ne, jami'ar MIT ta yi shi don yara, daga nan ya koma Python, wani yaren rubuta manhaja, akwai manhajar Pydroid da ke aiki a wayar Android ba sai da kwamfuta ba. Lissafi da kimiyya akwai Khan Academy, shima kyauta. Duk da haka ka nemi mutum ɗaya, ko malamin kwamfutarku ne ko wani ɗan unguwa da ke jami'a, wanda zaka dinga nuna ma aikinka duk sati biyu.

Mataki na biyar: ka gama abu ɗaya, komai ƙanƙantarsa

Cutar masu farawa ita ce fara goma ba a gama ɗaya ba. Ka sa ma kanka abin da zaka kammala kafin ƙarshen zango: riga ɗaya da ƙanwarki zata saka ta fita da ita, gajeren labari ɗaya mai farko da ƙarshe, izu ɗaya da zaka karanta ba gyara, kaji goma da zaka raina har su kai sayarwa, fitila ɗaya mai caji da hasken rana. Na farkon bazaiyi kyau ba, ka gamashi a haka, ka kai ma wanda zai faɗa maka gaskiya ba wanda zaice masha Allah kawai ba.

Masu rubutu ku nakeso in ja ma kunne. Kar ki fara da littafi mai shafi ɗari biyu da za a dinga sakewa a WhatsApp kullum, masu karatu zasu jaki da sai kin ƙara sai kin ƙara har karatunki ya tafi. Gajeren labari, ki gyarashi sau uku, ki koyi ƙa'idar rubutun Hausa, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa da haruffa masu ƙugiya, malamin Hausarku zaiyi murna in kin kai masa.

Mataki na shida: ka shiga gasa

Gasa ce ke nuna maka inda kake da gaske, don a unguwarku kai ne gwani, sai ka fita kaga wasu. Kuma akwai su da yawa, yaranmu ne basa jin labari. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986, daga ƙaramar hukuma ake farawa zuwa jiha zuwa ƙasa, maza da mata, kuma ba sai mai izu sittin ba, akwai ƙananan rukunai, ka tambayi malamin Islamiyyarku. Masu lissafi akwai Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin, akwai kuma gasannin Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. Irin waɗannan ta makaranta ake shiga, don haka kaje wurin malamin darasin tun farkon zango kace Malam in an buɗe a sa sunana, kar ka jira a zaɓeka.

'Yan mata masu son kwamfuta akwai Technovation, gasa ce ta duniya ta haɗa manhajar waya. A 2018 'yan mata biyar daga wata sakandare a Onica, jihar Anambra, suka ci zinare a rukunin ƙanana a Amurka da manhajar gano jabun magani. 'Yan sakandare ne kamarku, matsalar da ke kashe mutane a garinsu suka duba. Mu ma muna da namu matsalolin da ke jiran mai dubawa. Masu rubutu kuma ga Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, ta mata ce kuma sai an kai shekara 18, to kinga shekarun nan na sakandare na wasa alƙalami ne kafin lokacin.

'Yan ƙwallo, ku ne kuka fi kowa shiga haɗari. Ahmed Musa bai kai shekara 18 ba ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, yafi kowa a gasar ƙasar, daga nan ne ya tafi Holan. A gida aka fara ganinsa, a fili, gaban jama'a. Duk wanda yazo yace ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, a kawo kuɗin biza da na jirgi zai kaika gwaji Turai, ka riƙe kuɗin Babanka, iyalai da yawa sun sayar da fili da gona a kan wannan yaran suka ƙare a yashe a ƙasar da basu san kowa ba. Kuma kar ka yarda a rage maka shekaru, gasar 'yan ƙasa da 17 har hoton ƙashin wuyan hannu ake ɗauka, banda haka ma ƙarya ce da zata bika har cikin takardunka. Maganar biyan kuɗin nan ta shafi kowace gasa: wadda aka turo a WhatsApp akace ka biya kuɗi ta asusun wani mutum ka ci kyauta, ka nuna ma malami kafin ka taɓa.

In ka faɗi a gasa, kafin ka bar wurin ka samu ɗaya daga alƙalan cikin ladabi kace Malam ina ne na gaza. Abin da zai faɗa maka a minti biyu yafi kofin amfani a shekarar farko.

Mataki na bakwai: shaida da kuɗi

Ka sayi fayil ɗaya na roba. Duk satifiket, duk takardar yabo, hoton duk abin da ka ƙera ko ka ɗinka da kwanan wata a bayansa, a ciki. Ka ɗauki hotonsu ka tura ma imel ɗinka saboda ruwa da gara. Ranar da zaka nemi tallafin karatu, musamman na waje, zasu tambayeka me kayi banda aji, kuma faɗa da baki baya isa. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko ina, yadda yake a NIN haka a WAEC haka a satifiket ɗin gasa, don Muhammad a nan Mohammed a can ya wahalar da ɗalibai da yawa. In makarantarku na koyar da darasin sana'a da ya dace da abinka, ɗinki ko kiwo ko gyaran waya, ka ɗaukeshi a jarrabawa, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai kuɗi. Ranar da aka fara biyanka, nan ne jarrabawar gaske take. Na ga yaro mai ƙoƙari sosai a ajina da ya fara samun na kashewa a gyaran waya, sai Litinin ta zama ranar kasuwa, sai Talata ma, kafin mu farga ya bar zuwa, da naje shagon yace min Malam ai masu digirin ma wurina suke zuwa rance. Bayan shekaru ya dawo yana neman yadda zai rubuta jarrabawar 'yan waje, don wani aikin da yakeso an ce sai da takardar sakandare. Ya rubuta kuma ya samu, amma da aure da shago a wuyansa, wahalar ta ninka.

Don haka kuɗin farko ka kai ma Umma ta sa albarka, sannan ka rabashi uku: kaso ɗaya ya koma cikin sana'ar, zare ko kayan aiki ko abincin kaji, kaso ɗaya ajiya a hannun Umma ko asusun banki da babba zai buɗe maka tunda baka kai 18 ba, na ukun ka sayi littafin tambayoyin baya na JAMB da sabulu da abin da kake buƙata. Banda cacar ƙwallo, banda karɓar aikin da kasan bazaka gama ba sai ka tsallake makaranta, musamman ɗinkin sallah, ka faɗa ma mai kaya gaskiya tun farko cewa kai ɗalibi ne, kala biyu kawai zaka iya karɓa.

Duk ƙarshen zango ka ɗauko katin sakamako ka ajiye kusa da fayil ɗin nan ka dubasu tare, kai da wanda ya tsaya maka wurin Baba. In sakamako ya sauka, ka cika alƙawarin da ka ɗauka, ka dakata zango ɗaya ka gyara sannan ka nemi izinin komawa. In kuma kana SS3 ne yanzu kana karanta wannan kana ganin ka makara, ka riƙe mataki na farko da na biyu kawai, ka zaɓi abin, kayi magana da Baba, a je a ga maigidan a tsayar da rana, ta yadda Litinin ɗin da ke bin takardarka ta ƙarshe a NECO da safe kana bakin shagon.